Da Sauƙi, In Ji Baba Sanda

Ranar sunan ɗiyar ɗan'uwanku Habibu ina zaune a ƙofar ɗaki na ji 'yar'uwarku Fati tana ba surukanta labarin yadda aka yi na auri uwarku. Ta ce kakanku Baba Sanda Wanzam ya kwanta a asibiti, ni kuma ina nas, na tsaya a kansa ban gusa ba har Allah ya karɓi ransa, shi ya sa aka ba ni 'yarsa. Matan suka yi ta sa mini albarka. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya nake ji. Labarin ba ƙarya ba ne, sai dai kwana uku ne kacal daga cikin kwana goma sha ɗaya da ya yi yana ciwo, kuma duk waɗanda suka san sauran kwanakin sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. Ga ido ya fara gajiya. Bari in rubuta muku tun ina iya ganin layi.

Zamanin Turawa ne, bayan an gama yaƙi sojoji sun dawo gida. Tamale ba ta kai yadda kuka san ta ba. Kasalgu da muke zaune yanzu gonaki ne, Lamashegu kuwa sai mutum ya ce zai je ƙauye. Asibitin da nake aiki dogayen ɗakuna ne masu rufin kwano. A ɗakin maza gado talatin ne, in sun cika a shimfiɗa tabarma a tsakaninsu, mu biyu ke riƙe da shi da rana, ni da Mista Ansa, wani Bafante mai yawan fito da baki. Ɗakin mata nas biyu. Ɗakin haihuwa bai kai gado goma ba, shi ma biyu. Akwai wani ɗan ɗaki na Turawa mai gado huɗu wanda yakan yi mako babu kowa a ciki, amma nas guda na zaune a ƙofarsa yana korar ƙuda. Sai can baya, bayan itatuwan darbejiya, akwai wani tsohon gini da muke kira Dogon Zama. Nan ake kai waɗanda ciwonsu ba ya kisa da wuri kuma ba ya warkewa da wuri, masu gyambo, masu tsohon tari, tsofaffin da ba su da kowa, da waɗanda suka fara murmurewa ana son gadonsu. Mutum ashirin da wani abu ne a ciki, ba su da nas nasu. Odali ɗaya ne, wani Badagombe mai suna Napari, shi ne shara, shi ne ɗiban ruwa, shi ne raba abinci. Nas yakan leƙa sau ɗaya a wuni in ya samu sarari. A takarda an rubuta cewa mutanen Dogon Zama ba sa bukatar jinya sosai.

Kuskurena na farko tun kafin kakanku ya kwanta na yi shi. Wani babban likita ya zo daga bakin teku yana zagaya asibitoci don ya ga inda hannu ya yi kaɗan. Ya tsaya a ɗakinmu tare da Baturiyar da ke shugabantar nas-nas, wadda muke ce wa Sista Mai Agogo saboda agogon da take maƙalawa a ƙirji. Ansa ya tafi ɗauko magani, ni kaɗai ya tarar. Ya tambaye ni yaya aiki, ko hannu yana isa. To ni a zango na tashi. A gidanmu in babba ya ce maka yaya aiki, amsa ɗaya ce, aiki da godiya. Sai na juya masa ita da Turanci, na ce mun gode Allah, muna iyawa. Ya sake tambaya, na sake cewa muna iyawa ƙwarai. Ba zan ɓuya a bayan tarbiyya kaɗai ba. An sa sunana cikin waɗanda za a tura bakin teku kos, in dawo babban nas, ina kuma son Bature ya ga ni ba rago ba ne. Da ya shiga ɗakin mata, nas ɗin can ta tsayar da shi ta zayyana masa matsalolinta ɗaya bayan ɗaya har ya gaji da tsayuwa. Ba a yi mako biyu ba takarda ta zo. Aka ɗauke Ansa aka mai da shi ɗakin tiyata don a ɗauko nas ɗin da ke can a ƙara wa ɗakin mata.

Ranar da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa, ya dube ni ya dubi gadajen, ya ce da irin Hausarsa:

"Iliya, bakinka ya kore ni. To, ka gode Allah da kyau, gado talatin naka ne."

Na yi dariya a lokacin.

Nas ɗaya a gado talatin ba jinya yake yi ba, ratsawa yake yi. Ma'aunin zafi ɗaya gare ni. In na sa wa mutum a baki sai na jira, in wanke, in rubuta, in wuce gaba. Kafin in kai gado na goma wani ya yi amai, wani yana neman fo, wani bandejinsa ya jiƙe. Sai na ƙirƙiro wata dabara. Da safe nakan bi layi ina gaisuwa, sannu, yaya jiki. Wanda ya yi nishi ko ya kasa amsawa in tsaya a kansa. Wanda ya amsa da kyau in bar shi sai na dawo. Dabarar ta yi aiki a kan Dagombawa da Farafara da mutanen kudu, domin su in ciwo ya ci su sukan nuna wurin. A kan mutanena ne ba ta da amfani, kuma na fi kowa sanin haka. Bahaushe ko numfashi ɗaya ya rage masa, ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka.

Baba Sanda shi ya yi mini aski ranar sunana, shi ya yi mini kaciya. Rumfarsa tana bakin kasuwa ta wajen Tishigu, yana da tabarma ɗaya, zabira ɗaya da ƙahonin ƙaho a jere. Tun da na fara sa fararen kaya ya daina kirana da sunana, sai abokin aiki. Yakan ce wa masu jiran aski ni da shi sana'armu ɗaya, duk jini muke gani, bambancin kawai ni Bature ke biyana, shi kuwa sai an ga dama. Uwarku Azumi a gefen rumfar take sai da koko da ƙosai. Mijinta na fari ya rasu a hanyar Salaga, ta dawo gida ba ɗa. Ni kuma na zama mai son koko ƙwarai, har wanda bai kamata a sha da rana ba. Tsohon yana gani. Wata rana yana aske ni, askar tana kan maƙogwarona, ya ce ya lura gashina yana saurin tsirowa a 'yan watannin nan, ko ya kamata a gaya wa likita. Ban iya ko haɗiye yawu ba. Maganarmu da Azumi ta yi nisa, saura in tura manya.

A farkon damina ruwa ya dake shi a hanyar dawowa daga wani suna, ciwon haƙarƙari ya kama shi. Ya yi wa kansa ƙaho kwana biyu, abin ya ƙi, Azumi ta sa aka ɗauko shi. Na ba shi gado na ashirin da shida, kusa da taga. Maganin wannan ciwo a lokacin wata farar ƙwaya ce da ake sha duk bayan awa huɗu, kuma dole a bi ta da ruwa mai yawa, in ba haka ba ta taɓa ƙoda. Ba wani aiki mai wuya ba ne. Mutum ne kawai ake bukata ya zo a kan lokaci, ya ɗaga kan majinyaci, ya tsaya har ya shanye kofin. Dokar Sista kuwa ba a barin dangi su zauna jinya, sai su zo da la'asar su yi awa ɗaya su tafi, domin ta ce suna cika ɗaki da tukwane da hayaƙi. Kwana huɗu ina kai masa ƙwayar, wani lokaci a makare, zazzaɓin yana sauka yana hawa. Yana kwance yana kallona ina gudu tsakanin gadaje. Rana ta uku ya kama hannun rigata.

"Abokin aiki, kai nawa kake askewa a lokaci ɗaya?"

Na ce talatin da huɗu, har da na tabarma.

"Ni shekara arba'in ina wannan sana'a ban taɓa haɗa biyu ba. Ina Bafanten nan mai fito?"

Na gaya masa yadda aka yi, har da amsar da na ba babban likita. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce lalle an yi mini tarbiyya.

Rana ta biyar da hantsi wata lori ta kife a hanyar Yendi, aka kawo mutum bakwai, uku daga ciki dole a ba su gado. Ban kai rabin ɗaki da ma'aunin zafi ba likitanmu ya shigo da Sista, yana sauri, hannunsa da jini. Ya ce yana son gado uku yanzu, duk wanda ya fara murmurewa a mai da shi Dogon Zama. Likita ba ya jin Hausa, Sista gaisuwa kawai ta iya, ni ne bakinsu ni ne kunnensu. Muka fitar da mutum biyu ba gardama. Muka zo gado na ashirin da shida. Likita ya ɗauki katin da ke rataye, ya ga na jiya da yamma zafin ya sauka, na safiyar nan kuwa babu komai a rubuce. Bai tambayi dalili ba, ya ce in tambaye shi yaya yake ji.

Na ce, "Baba, likita yana tambaya, yaya jiki?"

Ya ɗan yunƙura don girmama baƙo, ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ina tsaye kusa da shi. Na ga leɓensa ya bushe ya tsage. Na ga hancinsa yana buɗewa yana rufewa da kowane numfashi. Ban taɓa goshinsa ba, kuma na san abin da ya hana ni taɓawa, ba na son in ji abin da zan ji. Turawa suna da wata kalma, beta, wadda ke nufin yau ta fi jiya, ciwo ya juya baya. In ka bi kalma da kalma, ita ce fassarar da sauƙi. In ka bi abin da tsohon yake nufi, ba su ko haɗa hanya ba, domin shi gaisuwa ya amsa, bai ba da labarin jikinsa ba. A duk ɗakin nan ni kaɗai na san wannan. Abin da ya kamata in ce shi ne, ranka ya daɗe, haka mutanenmu ke amsawa, ban auna shi ba tukuna, a ba ni minti uku. Amma in na faɗi haka, na faɗa a gaban Sista cewa hantsi ya yi ban gama ɗakina ba, ni da na ce ina iyawa. Ga mutum a baranda ƙafarsa a karye yana ihu. Na ce a raina Dogon Zama ai ba nisa, zan riƙa kai masa ƙwayar da kaina. Na dubi likita na ce beta.

Leburori suka ɗauke shi. Da za su fita da shi ya ɗaga mini hannu ya ce in ajiye masa gadon taga, zai dawo.

Ban je ba a ranar. Mutum bakwai na lori, ga sauran. Na ƙirga ƙwaya na ƙulle a takarda na aika wa Napari, na ce duk awa huɗu, da ruwa da yawa. Napari ba shi da agogo, ba ya karatu, kuma rijiyar da yake ɗiban ruwa tana can gangare. Washegari ma ban je ba. Da la'asar Azumi ta zo ta tarar da baƙo a gadon ubanta, ta same ni ina ɗaure wa wani hannu. Na ce mata an mai da shi baya ne saboda ya samu sauƙi. Ta yi murna, ta yi mini godiya. Ta je ta same shi yana barci, Napari ya ce kada a tashe shi, ta ajiye kwanon tuwo ta tafi. Ba barci ba ne irin wanda take zato. Rana ta uku da mai da shi can, da azahar, sai ga Napari a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba, domin ba ya barin mutanensa. Hausarsa irin ta kasuwa ce, kowa a bakinsa namiji ne.

"Malam Iliya, tsoho naka, shi bai yi fitsari ba tun jiya. Na ba shi magani, ruwa ne bai sha ba. Ni ɗaya ne, malam. In na riƙe kofi ga wannan, wancan ya faɗi."

Na bar abin da ke hannuna na bi shi a guje. Tun daga darbejiya na fara jin numfashinsa. Yana kwance a gadon ƙarshe, kofi cike da ruwa a ƙasa kusa da shi, inda hannunsa ba ya kaiwa. Napari ya ajiye masa, ya yi iyakar abin da mutum ɗaya zai iya. Na sa ma'auni, na karanta, na sake sawa don ina fatan na yi kuskure. Na ɗaga kansa na ɗora a cinyata ina ɗiga masa ruwa da cokali. Ya buɗe ido ya gane ni. Wallahi abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne tambayata wa na bar wa ɗakin maza.

Daga nan ofishin Sista na nufa. Ban ƙwanƙwasa ba. Na gaya mata komai a tsaye, cewa ban auna shi ba, cewa a wurinmu da sauƙi ba ta nufin abin da na ce tana nufi, cewa na san haka lokacin da na faɗa. Na ce kuma amsar da na ba babban likita ita ma irin wannan ce, ba na iyawa, ban taɓa iyawa ba tun ranar da Ansa ya tafi. Sai ta tambaye ni, duk majinyatan da shekara biyu take bi tana gaisarwa suna ce mata da sauƙi, wato ba ta san komai a kansu ba ke nan. Na ce haka ne. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce in faɗa mata gaskiya, ba gaisuwa ba, mutum nawa zan iya dubawa yadda ya kamata. Na ce in masu ciwo sosai ne, goma ma sun yi yawa. Ta ce ba ta da nas ɗin da za ta ba ni, ko ta rubuta sai an yi watanni. Amma a ranar ta dawo da Ansa ɗakin maza na kwana uku, ta ce in je in zauna da tsohon. Likita ya zo ya duba shi, ya ce ƙodar ta riga ta taɓu, ɗaga shi ma wahala ce, a bar shi inda yake. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Waɗannan su ne kwana ukun da kuka sani. Na yi masa wanka, na juya shi, na shafa masa man kaɗe a baya. Yana da gemu da ya yi kwanaki ba gyara, abin yana damunsa, ya ce wanzami ba ya zuwa gaban Ubangijinsa kamar ɗan daji. Azumi ta kawo zabirarsa, na aske shi da askarsa, yana gyara mini riƙo, yana cewa hannuna na allura ne, Allah ya kiyaye kawunan Musulmi daga gare ni. Rana ta biyu da hantsi hankalinsa ya dawo sarai, Napari ya tafi rijiya, na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan sake samu ba. Na ce masa ni na sa aka kawo shi nan. Na gaya masa abin da na ce wa likita.

Ya ce, "To ai haka na ce maka. Da sauƙi na ce."

Na ce, "Baba, na san ba haka kake nufi ba."

Ya ɗaga ido ya dubi rufi. Can ya ce, "Ka sani kam. Ni ma na san ka sani, na ga idonka." Ya nemi ruwa, na ba shi. "Ni ban iya wata amsa ba, ɗana. Ko yanzu ka tambaye ni ita zan ba ka. Kai ne aka sa makaranta don ka san inda za ka ajiye ta. Na yafe nawa. Na Azumi kuwa ba ni ke da shi ba, sai ka je ka nema a wurinta."

Ya ce kuma in daina zama a kansa kamar shi kaɗai Allah ya halitta, ga wancan mai gyambon tun safe yake kiran ruwa. Haka ya riƙa aikena. Yana kwance yana lura da ɗakin, ya ce je ka wurin wane, wane bai ci ba. A kwana ukun nan na san sunan kowa a Dogon Zama, ni da na yi shekara huɗu a asibitin ban san ko ɗaya ba. Ya cika rana ta uku bayan la'asar, Azumi na riƙe da ƙafarsa, ni ina riƙe da kansa.

Mutanen zango suka yi ta yabona a wurin zaman makoki. Limaminmu ya ce ɗan da mutum ya haifa ma sai haka. Na bari aka yi sadakar bakwai, sannan na je na sami Azumi a tsakar gida tana tankaɗe gero, ƙanwar ubanta na zaune a gefe. Na durƙusa na faɗa mata kamar yadda na rubuta muku, har da ƙaryar da na yi mata da la'asar ɗin nan. Ba ta daina tankaɗe ba sai da na gama. Ta tambaye ni abu ɗaya, da na je a rana ta farko, da ya tashi? Na ce rai na Allah ne, amma a sanina na aiki, da wuya ciwon ya kai shi. Ta ce to. Ta shiga ɗaki ta fito da turmin atamfa da ɗan kunnen da na taɓa ba ta, ta ajiye a gabana, ta koma ta saki labule.

A wannan watan likita ya cire sunana daga masu tafiya kos. Daidai ya yi. Ban taɓa zama babban nas ba, waɗanda na koya wa ɗaura bandeji su suka zo suka shugabance ni, kuma abin da ya sa kuka tashi a ɗaki biyu a gidan haya ke nan. Kun sha tambayata, ina ce muku rabo ne. Sista ta yi ta rubutu har aka turo sabon nas, aka haɗa shi da Ansa a ɗakin maza. Ni na roƙa a ba ni Dogon Zama. Ta ce a takarda babu gurbin nas a can. Na ce ta rubuta ni a duk inda take so, in dai ƙafata tana can. Ta kuma sassauta dokarta, ta ce a Dogon Zama kowane majinyaci ɗan'uwansa ɗaya zai iya wuni da shi, muddin a waje za a hura wuta. Wannan ya taimaki masu dangi. Fiye da rabin ɗakin kuwa ba su da kowa a Tamale, fatake ne da ciwo ya tsayar, da tsofaffin leburori da garinsu ya yi nisa. Ni da Napari muka raba su, shi layin hagu ni layin dama, duk da haka in muka fara ba da koko da safe, na ƙarshe sai ya sha shi da sanyi.

Labarin da Fati ta bayar, uwarku ce ta fara ba ku shi haka tun kuna ƙanana. Na taɓa yi mata magana, ta ce kwana ukun ma gaskiya ne, su ta zaɓa ta ba 'ya'yanta, sauran nawa ne, in faɗa ranar da na ga zan iya. Kada ku ɗauka an ba ni ita ladan jinya ne. Babu wanda ya ba ni ita. Wata biyar ba ta amsa gaisuwata ba, in na biyo ta kasuwa sai in sauya hanya don kada in ɓata mata ciniki.

Wata safiya bayan an gama girbi ina tsugune ina wanke wa wani tsoho gyambo, sai na ga inuwa ta tare ƙofa. Azumi ce, da tukunyar koko a ka, da ludayi a hannu. Napari ya yi sauri ya sauke mata. Ta tsaya tana duban ɗakin, ta dubi gadon ƙarshe, wani ne a kai yanzu, ta kau da kai. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce ta ji an ce Baturiya ta yarda dangi su shigo.

Na ce haka ne, amma mutum ɗaya ga majinyacinsa.

Ta ce, "Su waye ba su da kowa?"

Na fara nuna mata da hannu. Da na kai na takwas ta ce ya isa, in gaya wa Baturiya duk 'yan'uwanta ne. Ta ɗaura zanenta da kyau, ta zuba koko a kwano, ta gwada zafinsa a bayan hannu. Na bakin ƙofa wani Bazabarme ne da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya tashi. Ta tsuguna a gabansa, ta ɗago ta dube ni, karo na farko a wata biyar.

"Malam Iliya, tsayuwa ka zo yi? Wanke hannunka ka riƙe masa kai."

Na wanke hannu na zo na riƙe.